Mutum ɗaya, zuciya biyu: yadda za ka haɗa katun na barkwanci a Sakkwato

Duk Bahaushe ya taɓa jin wani yana ba da labari ya ce, "Wata zuciya ta ce in ɗauka, wata ta ce in bari." Wannan maganar kaɗai ta isa a gina fim a kanta. Mutum ne talaka, ba waliyyi ba, ba kuma ɗan ta'adda ba, jarrabawa ta faɗo masa da tsakar rana, zukatansa biyu suna ja-in-ja, mu kuma muna dariya saboda mun san da mu ne a wurinsa da haka za mu yi ta rawar ƙafa. Jagorar nan ta wanda ke son ya mayar da irin wannan labari zane mai motsi ce, yana zaune a Mabera ko Arkilla ko Runjin Sambo, ba shi da komai sai waya ko tsohuwar kwamfuta da abokai biyu masu murya.

Kada ka ɗauka aikin na mutanen nesa ne. In ka bi hanyar Illela ka tsallaka Birnin Ƙonni ka miƙa, za ka isa Tawa, garin da Moustapha Alassane ya zauna shekaru masu yawa. An haife shi a 1942, ya rasu a 2015, kuma ana lissafa shi cikin waɗanda suka fara zane mai motsi a Afirka ta Yamma. A 1966 ya fitar da gajeren katun mai suna Bon Voyage Sim, inda kwaɗi ke wasan shugabanci da ziyarar ƙasa. Da hannu ya zana shi, a zamanin da ba manhaja ba intanet. Wayar da ke aljihunka ta fi kayan aikinsa na wancan lokacin nesa ba kusa ba.

Fara da labari, kuma ka daɗe a kansa

A nan yawancin masu farawa ke garaje. Suna sauke manhaja su kama zane, sai bayan wata biyu su tarar ba su da abin faɗa. Ajiye waya tukuna, ɗauki takarda.

Shawara ta farko da za ka yanke ita ce surar da za ka ba alheri da sharri. Katun na Turawa sun saba ɗora mala'ika mai fukafukai a kafaɗar dama, da jan shaiɗani mai ƙaho da wutsiya a ta hagu. Kada ka kwaso wannan. Zana mala'ika abu ne da mai kallo a Sakkwato ba zai karɓa ba, kuma yana da gaskiyarsa. Mayar da Iblis abin ban dariya mai wutsiya shi ma bai dace da yadda muka san lamarinsa ba. Bayan wannan, akwai dalili na sana'a: in ka fitar da sharri daga cikin mutum ka ɗora wa wata halitta, ka wanke jaruminka, labari ya yi sanyi. Alƙur'ani ya ambaci rai mai yawan umarni da mummuna a Suratu Yusuf, ya kuma ambaci rai mai yawan zargin kanta a Suratul Ƙiyama. Duka biyun a cikin mutum ɗaya suke. To ka bar su a cikinsa, ka nemo abin da zai nuna su daga kayan sana'arsa.

Ga misalin da zan yi ta amfani da shi, na ƙirƙira shi ne don bayani. Bawa ɗan kabu-kabu ne, babur ɗin ba nasa ba ne, kullum da yamma sai ya kai balas. Babur ɗin na da madubi biyu. In ya dubi na hagu, fuskarsa yake gani, amma da lumsassun idanu da murmushin gefen baki. In ya dubi na dama, fuskarsa ce dai, sai dai madubin ya tsage, an ɗaure shi da roba, kuma wanda ke cikinsa kullum a gajiye yake. Zukatan nasa ke nan. Ka ga riba biyu: ba ka taɓa abin da zai jawo maka magana ba, kuma fuska ɗaya za ka zana ka yi amfani da ita sau uku. Da jaruminka mai awon hatsi ne, sai ka sa mudu biyu su yi magana, cikakke da mai lotsattsen gindi. Da tela ne, almakashi da allura.

Sai jarrabawar. Wani dattijo ya sayar da sa a Kara, ya hau bayan Bawa, ya sauka a bakin kasuwa ya mance baƙar leda a rataye. Bawa ya buɗa, kuɗi ne ɗauri-ɗauri.

Wurin da fim ɗinka zai rayu ko ya mutu shi ne yadda ka rubuta zukatan nan biyu. Kada mugun madubi ya yi ƙarya tsirara, ko ya ce "yi sata". Ba haka son zuciya ke zuwa wa mutum ba. Da buƙata ta gaskiya yake zuwa: kuɗin haya, maganin yaro, balas ɗin jiya da bai cika ba. Ka ba shi zaƙin baki da karin magana da ladabi, ya zama wanda mai kallo zai ji daɗin saurare. Shi kuma madubin kirki, babban hatsarinsa ya koma mai wa'azi. Da zarar ya fara dogon jawabi, yaro zai zame da yatsa ya wuce. Ka rage masa magana, ka ba shi nasa rauni: jinkirin amsa, gyangyaɗi, ɗan fushi. Dubi wannan:

Madubin hagu: "Bawa, mi kaka jira? Rabon kwaɗo ba shi hawa bisa. Kai ka sata? Kuɗɗi sunka biyo ka."

Madubin dama ya yi hamma: "Ba naka ba na."

Madubin hagu: "To wa yag gan ka?"

Madubin dama bai ce komai ba. Robar da ta ɗaure shi ta ɗan saki, ya kaɗa a hankali ya fuskanci sama. Bawa ya bi shi da kallo, ya haɗiye yawu.

Ba aya, ba hadisi, ba jawabi, amma babu Musulmin da zai kalli wannan bai gane ba. Abin da zane ke iyawa ke nan wanda baki ba ya iyawa, kuma irinsa za ka yi ta nema a kowane fage.

Daga nan ka hau da labarin hawa uku, kowane ya fi na baya tsanani. Na farko, Bawa ya yarda zai ƙirga kawai, ai ƙirgawa ba ci ba ce. Na biyu, mai ya ƙare a hanya, ya zari dubu ɗaya ya kira ta rance. Na uku, gari ya matse shi: fasinjan da ya ɗauka na sauraren cigiya a rediyo, ya isa gida ɗiyarsa na haddar darasin amana da ƙarfi, matarsa ta dubi ledar ta ce, "Malan, mi ag ga ledag ga?" akuya kuma ta kama gefen ledar tana ja. Game da hukuncin tsintuwa, in za ka taɓo shi, ka taɓo shi daidai: hadisi ya zo da a yi cigiyarta shekara guda. Kada ka sa wa wani hali fatawar da ka ƙago.

Ƙarshe fa? Ya mayar, amma kada sama ta buɗe a zubo masa mota da kujerar Makka. Wannan ƙarshen ya tsufa, kuma yana koya wa yaro cewa gaskiya ciniki ce. Ka sa ya tsuguna ya ce, "Baba Alhaji, dubu guda na ci, na zuba mai." Dattijo ya ƙirga kuɗinsa ɗaya bayan ɗaya yana lasar yatsa, ya ce dubun ta tafi a kuɗin hawan da bai biya ba, ya yi masa doguwar addu'a, ya miƙa masa goro ɓari ɗaya. Madubin hagu ya faɗi ƙasa. Na dama ya yi shiru, sa'an nan ya ce a hankali, "Ni ma na zaci ko dubu biyat." A nan za a fashe da dariya, domin an ga ita ma zuciyar kirki ta mutum ce.

Abu ɗaya kuma kafin ka bar takarda: ka san wanda ake yi wa dariya. A yi wa kwaɗayin Bawa da dabarun zuciyarsa. Kada a yi wa gurgu ko makaho ko mai in'ina, kada a yi wa almajiri, kada a yi wa wata ƙabila. Wasan da ke tsakanin Gobirawa da Yarabawa ko Fulani da Barebari yana da ƙa'idarsa tsakanin masu shi, amma bidiyon da ya shiga intanet ba ya zaɓen mai kallo.

Lissafi kafin alkawari

Fim na tafiya da hoto 24 a kowane sakan. Masu zane da hannu sukan bar zane ɗaya ya tsaya hoto biyu, wato zane 12 a sakan. Minti uku sakan 180 ne. Ka ninka da 12, ka sami zane 2,160. Wannan shi ne dalilin da zai sa fim ɗinka na farko kada ya wuce minti uku ko huɗu, masu magana kada su wuce biyar, wurare kada su wuce uku. Akwai dabarun rage wannan adadi sosai, za mu zo kansu, amma ka shiga da idonka buɗe.

Rubuta labarin fage-fage. A kowane fage ka faɗi wuri, abin da ido zai gani, sa'an nan magana. Karanta shi da ƙarfi kana duba agogo. Duk layin da ka cire labari bai girgiza ba, ka bar shi a cire.

Akwai kuma maganar zanen abu mai rai, wadda malamai suka yi saɓani a kanta, musamman abin da ya shafi koyarwa da yara. Ka je wurin malamin da ka amince da iliminsa ka gaya masa ainihin abin da za ka yi tun kafin ka fara, hankalinka ya kwanta.

Murya kafin zane

Ana ɗaukar murya ne da farko, a zana baki da jiki a kanta. Wanda ya juya tsarin zai sha wahala, ya kuma ƙare da bakin da ke motsi dabam da magana.

Nemi masu murya cikin mutanen da ka sani: wanda ke sa majalisa dariya in yana ba da labari, ɗaliban da ke wasan kwaikwayo a Jami'ar Usmanu Danfodiyo ko Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari, ƙanwarka mai iya kwaikwayon kowa. Bawa da madubansa biyu mutum ɗaya ya kamata ya yi su, yana sauya murya, tunda shi ne dai. Kuma ina roƙonka ka bar su su yi Sakkwatancinsu. Finafinan Hausa sun daɗe suna ba mai harshen Sakkwato matsayin baƙauye da ake yi wa dariya. A fim ɗinka kowa da shi zai yi magana, mai hankali da wawa, dattijo da yarinya, har ya zama harshen gari kawai. Bakano da Bazazzagi za su gane, kuma shi zai bambanta aikinka da na kowa.

Wurin ɗauka: ƙaramin ɗaki mai katifa da labule da kaya a rataye. Ɗakin da ba komai sai siminti yana mayar da amo, kuma ba manhajar da za ta cire shi da kyau. In ba yadda za ka yi, jingina katifa biyu a kusurwa, rufa bargo a sama, mai magana ya fuskanci ciki. Dole a kashe fanka. A watan Maris da Afrilu, da zafi ke haura digiri 40, ba wanda zai jure rufaffen ɗaki da rana, saboda haka ka sa aikin bayan sallar Asuba ko can bayan Isha'i, lokacin da babura suka ragu, janareton maƙwabta ya yi shiru. Ka lura da lokutan kiran salla ka tsaya.

Sa wayar a yanayin jirgin sama kada kira ya katse ku. Ɗora ta a kan wani abu, kada a riƙe a hannu, tazarar kamu ɗaya daga baki, a ɗan karkace don iskar "b" da "f" kada ta buga makirufo. In manhajar ɗaukar sauti ta ba ka zaɓi, ɗauki nau'in fayil ɗin sauti da ake kira WAV, a 48 kHz. Kafin kowa ya yi magana, ɗauki shirun ɗakin na sakan talatin. Da shi Audacity, manhajar gyaran sauti wadda kyauta ce a kwamfuta, za ta gane ƙarar da za ta rage. Kada ka matsa ragewar da yawa, murya za ta koma kamar ta cikin ruwa. Kowane layi a faɗe shi sau uku ta hanya dabam-dabam. In wani ya ƙara wata magana da ba ta cikin rubutu kuma kowa ya yi dariya, ka riƙe ta.

Ɗanyen fim

Raba farar takarda gida shida, kowane gida fage ɗaya ko motsi ɗaya muhimmi. Zanen sanda da da'ira ya isa. Abin da kake yankewa a nan shi ne inda ido zai tsaya: daga nesa a ga Bawa da titi, daga kusa a ga gumi a goshinsa, kusa ƙwarai a ga madubi. Ɗauki hoton kowane gida da waya, jera su a manhajar haɗa bidiyo irin CapCut ko Shotcut ko Kdenlive, ɗora muryoyin a ƙasa, ja kowane hoto ya tsaya gwargwadon maganarsa. Ka sami fim ɗinka ke nan tun daga farko har ƙarshe, ba kyau amma cikakke.

Kalle shi sau da yawa, ka nuna wa mutum biyu. In ba a yi dariya a nan ba, launi da ƙawa ba za su kawo ta ba. Gyara a wannan mataki aikin yini ɗaya ne, bayan an gama zane kuwa aikin wata ne.

Surar mutane da surar gari

Zana Bawa ta gaba, ta gefe, da tsakanin biyun, a takarda ɗaya, ka manna a bango. Gwada shi da wannan: cika surarsa da baƙi gaba ɗaya. In har ana gane shi daga inuwar, ta hular da ta karkace ko dogon wuya ko faɗin riga, to sura ta yi. Rage ado. Duk aikin zare da ka sa a wuyan rigarsa, ka tuna za ka sake zana shi sau ɗaruruwa. Launi huɗu ko biyar sun ishi mutum ɗaya, kuma ka ajiye lambar kowane launi don fatar Bawa kada ta sauya tsakanin fage da fage.

Garin kuwa, fita ka dube shi. Ɗauki hotunan lungu a Ƙofar Rini ko Ƙofar Atiku, jan bangon laka da ƙofar langa-langa, inuwar dogon yaro inda 'yan kabu-kabu ke jiran fasinja, tulin albasa a buhunan raga, raƙumi da kaya, jar akuya a kan juji, ƙurar hunturu da ke mayar da rana fara. Nemi izini kafin ka ɗauki mutum ko shagonsa. Ba hoton za ka sa a fim ba, za ka zana daga gare shi ne, kuma ka sauya sunayen shaguna da lambobin mota. Launin bango, wato zanen wurin da ke bayan mutane, ya zama mai sanyi, ƙasa-ƙasa, don mutane su fito a kansa. Fadar Sarkin Musulmi da Hubbaren Shehu da masallatai kada su zama filin barkwanci. In hasumiya ta bayyana daga nesa don a san gari, ya wadatar.

Motsi

Kayan aiki gwargwadon abin da kake da shi. A waya, FlipaClip na ba ka damar zane hoto bayan hoto da ɗora murya, ko da yake na kyauta yana da iyaka. Sayi alƙalamin taɓa allo mai araha, yatsa na gajiya. A kwamfuta mara ƙarfi, Pencil2D ba ta da nauyi. Krita ta fi ta kayan zane. OpenToonz da Synfig suna iya haɗa gaɓoɓi a motsa su. Blender na yin komai har da zane shimfiɗaɗɗe irin na takarda, amma tana son kwamfuta mai ƙarfi da haƙurin koyo. Duk waɗannan na kwamfuta kyauta ne, ba ka buƙatar satacciyar manhaja. Zaɓi ɗaya ka zauna a kanta har fim ya ƙare. Wanda kuma hannunsa ya fi sabawa da yumɓu ko kwali, yana iya gina 'yan mutanensa, ya kafe waya wuri ɗaya, ya riƙa gusa su kaɗan-kaɗan yana ɗaukar hoto.

Ga yadda za ka karya adadin nan na 2,160. Raba mutum falle-falle: jiki dabam, kai dabam, idanu dabam, baki dabam, hannu dabam. In Bawa na magana, jiki na tsaye, baki da gira kaɗai ke aiki, sai ƙiftawar ido kowane sakan uku ko huɗu don kada ya zama gunki. Surar baki shida ta isa Hausa: rufaffe don m da b da ɓ, buɗaɗɗe sosai don a, shimfiɗaɗɗe don i da e, zagayayye don u da o, ɗan buɗe da haƙora don s da t da d, sai na hutu. Ba ka buƙatar surar haƙori a kan leɓe da ake koyarwa a darussan Turanci, domin mu da leɓɓa biyu muke furta f, Basakkwace ma "tahi" zai ce. Kada ka bi kowane harafi, bi wasulan da aka ja da wuraren da baki ke rufewa.

Babur kuma ba sai ya yi tafiya ba. Zana shi sau biyu ko uku da ɗan bambanci don ya riƙa karkarwa, bar shi a tsakiyar allo, ka ja dogon zanen titi ta bayansa yana maimaituwa. Ƙara ƙura a baya da gefen riga na kaɗawa, ido zai yarda ana gudu.

Inda ake buƙatar cikakken motsi, fara da manyan tsayuwa: hannu a kan leda, hannu a sama, hannu a aljihu. In sun yi daidai da murya, sai ka cike tsakaninsu. Kunna abin da manhajojin ke kira ɓawon albasa, wanda ke nuna maka inuwar zanen baya a ƙarƙashin sabo. Zane kusa da kusa na ba da motsi a hankali, nesa da nesa na ba da sauri. Kafin babban motsi a yi ƙarami ta kishiyar hanya: kafin Bawa ya zabura, ya ɗan duƙa. In abu ya faɗi ya ɗan baje, in ya yi tsalle ya ɗan miƙe, amma girmansa kada ya sauya.

Mafi tsada a barkwanci shi ne shiru, kuma shi ne mafi arha a zane. Bayan madubin dama ya kalli sama, riƙe fuskar Bawa cik na hoto 24 zuwa 36 kafin maƙogwaronsa ya motsa. Gwada shi a hoto 12, gwada a 48, ka ji da kanka inda dariyar take. Wannan gwajin ya cancanci yini guda, ya fi maka amfani da ƙawata tayar babur.

Wuta da zafi abokan gabarka ne. Adana aiki duk bayan minti kaɗan. Kowane fage ya zama fayil dabam mai lamba, don in ɗaya ya lalace kada ya tafi da saura. Kowane dare kwafi aikin zuwa filashi ko katin ajiya, in akwai data ka tura Google Drive. Waya in ta yi zafi, cire mata riga ka bar ta ta huce, kada ka yi zane tana caji a cikin rana. Lokacin hunturu rufe kwamfuta da ƙyalle in ka tashi. In ku biyu ne ko uku, raba aiki: ɗaya bango, ɗaya motsi, ɗaya launi. Fara da fagen da ya fi sauƙi, ka bar fagen buɗewa sai hannunka ya faɗa, domin shi mai kallo zai fara gani.

Ƙara, gwaji da saki

Rabin abin da ke sa katun ya yi rai kunne ke jin sa. Ɗauki ƙarar babur na gaske, tayarwa da tsayuwa da hon. Murza leda kusa da makirufo, kaɗa takardu don ƙirgar kuɗi, ɗauki hayaniyar kasuwa daga nesa ka shimfiɗa ta ƙasa-ƙasa. Kada komai ya danne magana. Saurari haɗin a lasifikar ƙaramar waya, domin a nan yawancin mutane za su ji shi.

Kada ka ɗauki waƙar wani ka ɗora. YouTube na da tsarin da ke gane sautin mai shi, yana iya toshe bidiyon ko ya karkatar da kuɗinsa, kuma dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 tana kare mawaƙi kamar yadda take kare ka. Nemi mai kalangu ko mai gurmi ya buga maka ɗan gajere ku yi yarjejeniya. In kai ko masu kallonka ba ku son kiɗa, tafi da murya da ƙarar abubuwa sun isa su riƙe fim. Masu murya ma ku rubuta a takarda abin da kuka amince: sunansu a ƙarshen fim, da kason kowa in kuɗi ya shigo. A yi wannan tun ana dariya.

Kafin ka saki, nuna shi wuri uku: majalisar abokai, cikin gida gaban iyaye mata da yara, da wani malami ko dattijo. Kada ka yi bayani, kada ka kalli allo, kalli fuskokinsu. Inda suka yi dariya ka rubuta, inda wani ya duba wayarsa ka rubuta, nan ne za ka datse. In dattijo ya ɗaure fuska a wani wuri, tambaye shi dalili ka saurara da kyau.

Fitar da shi a MP4, faɗi 1920 tsawo 1080 don YouTube da Facebook. Yanko fage mafi daɗi, kamar na "wa yag gan ka", ka mayar da shi a tsaye, 1080 da 1920, ƙasa da minti ɗaya, don TikTok da WhatsApp. Sa sunan tasharka ƙarami a kusurwa, domin za a kwafa a yaɗa ba tare da an tambaye ka ba. Rubuta maganar a ƙasan allo da daidaitacciyar Hausa, in ka iya ka ƙara Turanci ko Faransanci saboda 'yan'uwa na Nijar da na nesa. YouTube zai tambaye ka ko don yara aka yi bidiyon. Amsa gaskiya, ka kuma sani in ka ce don yara ne za a rufe sharhi. Cikakken rabon kuɗin talla na buƙatar mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin wata goma sha biyu, saboda haka kada ka sa ran fim ɗaya zai biya ka. In kuma za ka kai shi gidan talabijin ko sinima ko kasuwa, ka fara tuntuɓar hukumar tace finafinai ta ƙasa, ka ji abin da ake buƙata.

Duk abin da ka zana, ka adana shi a tsare: bakunan Bawa shida, babur, titi, akuya, madubai. Kashi na biyu zai ci rabin lokacin na farko saboda su. Rubuta jarrabawa ta gaba tun kafin ka saki wannan, ko fasinja ce da ta biya da dubu ta zaci ɗari biyar ce, ko mai babur da ya yi kuskuren lissafin balas, ka sa wa kanka ranar ɗaukar murya cikin mako biyu.